Ruwan Tokar Inna

Shekarar da sojoji suka koma bariki Turawa suka fara dawowa Kano. Kafin nan, ko wasiƙa ka rubuta wa wata jami'a a waje ba mai amsa maka, sai ka ce mu muka yi juyin mulkin. Ana rantsar da farar hula kuwa sai ga su ɗaya bayan ɗaya, da jakunkunan goyo da robobin ruwansu, kowa da binciken da ya zo yi a kanmu. A cikinsu akwai wata Baturiya doguwa mai furfura, wadda ta sauka a wajen Likitan da nake aiki a ƙarƙashinsa. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, kullum ina cikin jinin mutane da fitsarinsu, kuma a lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ban taɓa rikita kwalba ba, kuma duk wanda ya zauna da ni minti goma sai na gaya masa haka.

Aikin da ta zo da shi a kan kuromiyam ne, sinadarin da kamfanonin fata suke jima da shi. Ma'aikata kurom suke ce masa. Ana yin binciken a ƙasashe da dama lokaci guda, tambayoyi iri ɗaya, kwalabe iri ɗaya, kuma can ƙasarsu za a auna komai a injin guda. Namu shi ne mu karɓi jini da fitsarin masu aikin jima, mu kuma karɓi na mutanen da ko ƙofar kamfani ba su taɓa takawa ba, a kwatanta. Ba a rubuta suna a jikin kwalba, lamba ake mannawa. Littafin da ya haɗa kowace lamba da mai ita yana hannuna ni kaɗai, a cikin durowa mai kwaɗo.

Ranar farko Baturiya ta yi mana bayani. Ta ce kurom iri biyu ne. Akwai koren garin da ake jima da shi, wannan da ɗan sauƙi. Akwai kuma mugun, mai ruwan ɗorawa, wanda yake cin fatar mutum, ya huda hanci, ya lalata ƙoda, ya sa ciwon daji a huhu. Na rubuta duk wannan da kyakkyawan rubutuna. Ban tambaye ta ko ɗaya yana iya komawa ɗaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Wata uku muka yi muna zarya a kamfanoni. Kai, na ga abin da ya fi ƙarfin idona. Ƙasa jiƙe take da ruwa kore-kore, maza suna tafe a ciki da silifa, wasu ma ƙafa tsirara. Suna zura hannu a ganga har gwiwa su zaro fata tana ɗiga. In na ce su miƙo hannu zan ɗebi jini, sai in ga wasu gyambuna ƙanana, zagayayyu, masu zurfi, a gaɓoɓin yatsu da gefen farce, kamar an ɗana musu wutar sigari. Suna cewa ba zafi, shi ya sa ba su damu ba. Wani dattijo da ya yi shekaru yana haɗa sinadarin ya ce bari ya nuna mini abin dariya. Ya tsinko tsinken tsintsiya, ya zura ta wannan ƙofar hanci, ya fito da shi ta waccan. Abokan aikinsa suka kwashe da dariya, ni kuwa sai da na nemi wurin zama.

Tun daga ranar tsoro ya shige ni. In na koma gida Gwale, a soro nake cire takalmi da riga, in yi wanka sau biyu kafin in taɓa ƙofar ɗaki. Matata tana cewa na zama sabuwar amarya, ni kuwa in balbale ta da faɗa, don ba ta ga hancin dattijon nan ba.

Wahalar aikin ba a kamfani take ba, a cikin gari take. Leburori suna ba da nasu ba gardama, suna fatan ko za a kawo musu magani. Amma je ka nemi mutumin da lafiyarsa ƙalau ka ce ya ba ka fitsarinsa za a kai Turai, ka ji abin da zai faɗa maka. Wani Alhaji a Ƙofar Wambai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, kai da kamalarka, wannan sana'ar ka samu? Ɗauki kwalbarka ka fita mini daga rumfa." Ni ma ban bar shi haka ba, sai da aka shiga tsakaninmu. Da lokaci ya fara ƙurewa Likita ya ce kowa ya je ya kawo danginsa, muddin ba sa aikin fata, kuma a samo mata manya, don akwai mata a ɓangaren tsince-tsince na kamfanin da za a kwatanta da su. Na sa surukina, na sa maƙwabcina, na sa Inna.

Inna ita ta haife ni, kuma ni ne ɗanta na fari. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a hannunta na girma. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ido da ido ba, ba mu taɓa yin hira ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ita ta riƙe ta da ƙarfi fiye da matan zamaninta ma. Kowace Juma'a bayan la'asar nakan je gidanmu a Ƙofar Mazugal, in durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, kaina a ƙasa, in ce, "Inna, ina wuni?" Ta ce, "Lafiya," tana kallon bango. In akwai magana, sai ta kira ƙanwata Auta, wadda ta dawo gida da zama bayan rasuwar mijinta, ta ce, "Ki ce wa mutumin Gwale kaza da kaza." Ina nan durƙushe ina ji, amma sai Auta ta maimaita mini, ni ma in ba Auta amsa. Haka muka rayu, kuma wallahi ban taɓa ganin aibun abin ba.

To wa zai miƙa wa irin wannan uwa kwalbar fitsari? Auta na ba, na roƙe ta ta lallaɓa ta. Jini kuwa wata ma'aikaciyar jinya na turo ta ɗiba. Saura fom. Shafi huɗu ne, kuma ƙa'ida ita ce ka zauna gaban mutum ka karanta masa tambaya ɗaya bayan ɗaya, ya amsa da bakinsa. Shekarunki nawa, ciki nawa kika yi, kina tari, kina haɓo, akwai ciwo a fatarki, da me kike girki. Ni in zauna gaban Inna in tambaye ta ciki nawa ta yi? Haba! Na zauna a soro na ɗora fom a gwiwa na cike shi da kaina. Ai uwata ce, na ce a raina, me zan tambaya wanda ban sani ba. Sana'a: sayar da ɗanwake a gida. Tari: babu. Ciwon fata: babu. Abin girki: itace. Minti biyar ban yi ba na gama, na manna lamba, na hau babur ɗina.

Muka daskarar da kwalaben, muka jera su a akwatin ƙanƙara, aka kai filin jirgi. Daga nan shiru. Sai an tara na duk ƙasashen kafin a fara aunawa, saboda haka wata bakwai cur muka yi muna jira.

Wata Talata da hantsi Likita ya aiko a kira ni. Na tarar da shi da takardar saƙon da Baturiya ta turo ta kwamfuta, ransa a ɓace.

"Malam, zauna," ya ce. "Kai ne kullum kake cika baki ba ka rikita kwalba, ko?"

"Ranka ya daɗe, ban taɓa ba."

"To ka taɓa. Ga wata lamba nan a cikin waɗanda ba sa aikin fata, mace ce, amma kurom ɗin da ke fitsarinta ya fi na mutanen da ke haɗa sinadarin da hannunsu. Sun sake aunawa, haka ya fito, jinin ma haka. Sun ce an yi musayar kwalba a Kano. A duk ƙasashen, mu ne kaɗai muka ba da kunya."

Raina ya ɓaci. Na miƙe ina rantse-rantse, na ce ai dama in abu ya lalace sai a ce baƙin mutum ne, su binciki injinsu tukuna. Likita ya bar ni na gama, sannan ya rubuta lambar a 'yar takarda ya ce in je in duba littafina. Na fita ina huci, na buɗe kwaɗo, na bi layi da yatsa. Yatsana ya tsaya a kan lambar. Sunan Inna ne.

Ban taɓa roƙon Allah ya sa na yi kuskure a aiki ba sai ranar. Na zauna ina tuno ranar da aka kawo kwalbarta. Ranar Asabar ce, ba mu je kamfani ba, tata ce kaɗai ta shiga firiji. Jinin kuma wata ce ta ɗiba, a wata rana daban. Ta yaya za a rikita abu biyu a rana biyu, su kuma fito iri ɗaya? Na juya lissafin ta ko'ina, bai ba ni mafita ba. Sai hancin dattijon nan ya dinga dawo mini.

Ban jira Juma'a ba. Na isa Ƙofar Mazugal rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba. Auta ta gan ni ta dafe ƙirji.

"Yaya, lafiya? Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Inna tana da lafiya?"

"Lafiyarta ƙalau, sai ɗan tarin nan nata."

"Wane tari?"

"Au, ba ka sani ba? Ai ya fi shekara. Da haɓon da take yi in ta tashi da safe. Ta ce kar a gaya maka, wai kana da abin da ya dame ka."

Na wuce ta na durƙusa a ƙofar ɗaki na yi gaisuwa. Inna tana zaune tana tsince wake a faifai. A rayuwata ban taɓa ɗaga kai a wurin nan ba, amma ranar na ɗaga, na kalli hannunta. Ta sha lalle har wuyan hannu, ya yi baƙi ƙirin. A ƙarƙashin lallen, a gaɓar babban yatsa da na kusa da shi, ga su nan: zagayayyu, ƙanana, masu zurfi. Na ƙirga uku kafin ta lura. Ta ja mayafi ta rufe hannun, ta ce wa Auta, "Ki tambayi mutumin Gwale ko an kore shi daga aiki ne."

Na tashi na nufi bayan gida inda madafa take. Auta ta biyo ni tana cewa, "Yaya, ina za ka? Me za ka yi a madafa, namiji da kai?" Rabona da wurin tun ina yaro. Rumfar kwano ce mai duhu, murhu uku a jere, bangon ya yi baƙi. Itace yana nan, amma ɗan kaɗan ne, a jingine. Abin da ya cika kusurwa buhuna ne guda huɗu. Na zura hannu a ɗaya na damƙo. Ɓarɓashi ne mai laushi, shuɗi-shuɗi, busasshe. Na san shi kamar yunwar cikina. Shi ne abin da injin aske fata yake zubarwa bayan an jeme ta da kurom, na sha taka tsibinsa a bayan kamfani.

"Wannan fa?" na ce.

"Dusar fata ce," in ji Auta. "Masu kura suke kawowa daga wajen 'yan fata. Tun wahalar kananzir ɗin nan da itace ya yi tsada muka koma mata, shekara uku ke nan. Ka sa itace biyu ka zuba ta a kai, ta wuni tana ci. Wari ne dai da ita. Ai rabin matan layin nan da ita suke girki."

Warin nan na sha jin sauransa in na zo ranar Juma'a. Na ɗauka masu babbakar kai da ƙafa ne a bayan layi, har tsaki nake yi ina zaginsu.

Sai idona ya kai kan wata tsohuwar tukunya mai huji a gindi, an ɗora ta a kan kwano. An cika ta da toka, an zuba ruwa, yana ɗiga a hankali. Wannan kowa a unguwar ya san shi. Inna ba ta sa kanwa a ɗanwakenta, ta ce kanwa tana ɓata ciki. Ruwan toka take tacewa, kamar yadda ta gada a wajen uwarta, shi ya sa ɗanwakenta yake da santsi da laushin da ba na kowa. Ruwan tokar da na sani tun ina yaro ja-ja ne, kamar shayin da bai ji ganye ba. Wannan da ke cikin kwano rawaya ne shar, ruwan ɗorawa sak.

"Tokar ina ce wannan?"

"Ta murhu mana, Yaya. Ta ina za ta zama? Inna ma cewa take wannan ta fi ƙarfi, kaɗan take sawa. Ita dai tana cin hannu."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na samu kwalbar magani wadda ba komai a ciki na ɗebi ruwan tokar. Na ce wa Auta ko da wasa kar a sake hura wutar nan, kar a taɓa kwanon nan, kar a sayar da ko ƙwayar ɗanwake, sai na dawo. Ta ce in je in gaya wa Inna da kaina, ita ba za ta iya ba. Na daka mata tsawar da har yau take tuna mini.

A ɗakin gwajinmu akwai wani magani da Baturiya ta bar mana don gwada ruwan kwatar kamfani. In mugun kurom ɗin yana cikin ruwa, launi yake sauyawa. Na kira Likita ya tsaya a kaina. Na sirka ruwan tokar, na ɗiga asid, na ɗiga maganin. Ko girgizawa ban yi ba ya rine, ya koma kamar zoɓo. Ruwan kwatar kamfani ma bai taɓa yi mana haka ba.

Likita ya cire tabarau ya zauna. Ya ce wuta ce. Wanda ake jima da shi mai sauƙin ne, amma in aka ƙona fatar, musamman a cikin tokar itace, sai ya koma mugun, kuma ruwa yana taɓa tokar zai kwaso shi. Ke nan Inna tana shaƙarsa a hayaƙi tun asuba, tana dama shi da hannu, tana ɗanɗana shi, tana cinsa. Ya jawo fom ɗinta daga fayil ya duba.

"An rubuta itace a nan. An rubuta ba tari, ba ciwon fata. Wa ya yi mata tambayoyin?"

Likita ya ɗago ya dube ni.

"Malam, ka tambaye ta kuwa?"

Na ce, "Mahaifiyata ce, ranka ya daɗe. Ni ne na fari."

Shi ma ɗan cikin ganuwa ne, ya san kunyar ɗan fari, bai ƙara tambayata komai ba. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce shi zai san abin da zai rubuta wa Baturiya. Da na zauna gaban Inna ranar nan na karanta mata layi ɗaya, ko da ta bakin Auta ne, da ta ce dusar fata, da ta ce tana haɓo, da tun a lokacin na kai wa Likita. Wata bakwai ta ƙara tana ci, fom ɗin yana kwance a fayil da rubutuna mai kyau. Baturiya ta amso da ban haƙuri mai tsawo, ta ce za a ƙara tambaya a kan abin da ake ƙonawa a gida a fom ɗin duk ƙasashen. Madalla, na ce, Inna ta gyara wa duniya fom.

Washegari da safe na je na durƙusa a inda na saba. Na yi wa Auta bayani da ƙarfi yadda Inna za ta ji, Auta tana tsaye tsakaninmu tana kuka tana maimaitawa. Na ce guba ce a tokar. Na ce ita ta ci mata hannu, ita ce haɓon, kuma dole mu je asibiti a duba ƙodarta. Inna ba ta motsa ba har na gama. Na zaci za ta tambayi ko za ta warke. Sai ta ce wa Auta, "Ki tambaye shi, mutanen da suke saye fa?"

Na ce abin da ke shiga kwano ɗaya kaɗan ne, ba kamar ita da take wuni a kai ba.

"Ki tambaye shi, kaɗan ɗin ba ya komai?"

Ban sani ba, kuma ba wanda ya sani.

"Ki ce masa duk Juma'a ina aika wa 'yarsa."

Wannan ma na sani. Ina da 'ya 'yar shekara uku a lokacin, ba abin da take so kamar ɗanwaken kakarta. Ni da nake wanka sau biyu a Gwale, da hannuna nake rataya kwanon a babur in kai mata.

Ranar muka fasa murhu ukun nan, muka kankare ƙasar madafa, na sa safar hannu na kwashe toka da buhuna a ganga na rufe. Na bi gidajen layin da mai unguwa ina bayani. Wasu suka ji, wasu suka ce in na hana su dusar fata in kawo musu itace. Wata tsohuwa ta ce shekara uku suna ci ba wanda ya mutu. Na yi faɗa har muryata ta dishe. An gwada 'yata da matata da Auta, nasu ya fito da sauƙi, Alhamdu lillahi.

Na Inna ne bai zo da sauƙi ba. Likitan ƙoda ya ce ƙodojin sun yi rauni, duka biyun. Na ja shi gefe na tambaye shi ko kurom ɗin ne. Ya ce yana iya zama shi, yana iya zama hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba, yana iya zama duka. Na ce, da an gano wata bakwai da suka wuce fa? Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan sai Allah." Na so ya ce mini e ko a'a, ko wanne ne zan iya ɗauka. Har yau ba wanda ya ce mini ko ɗaya.

Daga nan na koma mai gadin jikinta daga nesa. Kullum kafin in tafi aiki sai na biya. Ina gaisuwa ina satar kallon ƙafarta, ko ta kumbura fiye da jiya. Ina tare Auta a soro in tambaye ta abin da ɗa ba ya tambaya a kan uwarsa: sau nawa ta zaga, wane launi, ya yi kumfa? In an buga mini ƙofa a Gwale sai gabana ya faɗi. Gyambunan suka warke suka bar tabo, haɓon ya tsaya. Da aka sake aika fitsarinta, kurom ɗin ya sauka sosai, na zo da takardar ina murna kamar yaro ya ci jarrabawa. Amma ƙoda ba ta dawowa. Ƙafar tana sauka tana hawa, fuskar tana cika da safe.

Ita kuwa ba jikinta ne ya dame ta ba. Ta sa Auta ta raka ta gida-gida, duk wanda ta tuna yana sayen ɗanwakenta, tana neman gafara. Mutane suna cewa, "Haba Inna, me kika yi mana?" Ta rabar da tukwanenta da madambaci da manyan kwanuka. Na sayo mata risho sabo da kanwa mai kyau daga kasuwa, na ce wa Auta ta gaya mata ta ci gaba da girkinta, yanzu ba komai. Ko kallon rishon ba ta yi ba. Matar da ta ciyar da layin nan tun kafin a haifi Auta ba ta ƙara ɗora tukunya ba, ko ruwan zafi. Ta ware kwanonta da cokalinta da moɗarta. Na yi bayani ta bakin Auta ya fi sau goma, cewa abin ba a ɗaukarsa a jikin mutum, a tokar yake, tokar kuma ta tafi. Sai ta ce, "To," tana kallon bango.

Shekara biyu da 'yan watanni ta yi a haka. A cikin damina ta ƙarshe, wata Juma'a, na je da 'yata. Ina durƙushe a bakin ƙofa, yarinyar ta shige ɗaki ta haye tabarmar kakarta. Inna tana cin tuwo da miyar kuka, wanda Auta ta dafa a risho, da kanwar da ni na sayo. Yarinyar ta yi abin da kowace jika take yi, ta zura hannu a kwanon.

Inna ta buge hannun da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba. Kwanon ya kife. Yarinyar ta tsandara ihu. Inna ta cafko hannun, ta jawo buta, tana zuba ruwa tana dirzar 'yan yatsun da bakin zaninta, ɗaya bayan ɗaya, tana buɗe bakin yarinyar tana leƙawa ko ta kai loma.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce, "Inna, wallahi tallahi ba komai a cikin abincin nan!"

Ba ta daina dirzar ba. Ta ce wa Auta, wadda ta shigo a guje, "Ki ce masa da can ma ba wanda ya ga komai a ciki."

Auta ta ɗauki yarinyar ta fita da ita tsakar gida tana rarrashi. Inna ta tattara tuwon da ya zube ta mayar a kwano, ta ture shi ƙarƙashin gado. Daga ranar sai ta tura ƙyaure ta sa sakata take cin abinci, har Allah ya karɓi abarsa.